Fitilun Abu Fadi

Noti ya sake suɓuce wa Taniyos ya faɗa ƙarƙashin tarakta. Ya ja tsaki, ya durƙusa yana laluben siminti mai sanyi har yatsansa ya ci karo da shi. Fitila ta biyar ke nan yana ɗaura wa 'yar taraktarsa ta gonar tuffa tun shigowar hunturu, kuma har yanzu hankalinsa bai kwanta ba.

Ba don ado yake yi ba. Gidansa ne na ƙarshe a saman dutse, motar hukuma mai share dusar ƙanƙara kuwa a dandalin coci take juyawa ta koma abinta. Daga nan zuwa ƙofarsa hanya ce 'yar siririya mai lanƙwasa, dutse a dama, kwari a hagu. Shi yake buɗe ta da injin da ya jona wa taraktar, mai haɗiye ƙanƙara ya feso ta gefe. Ga shi bana Rima, matar ɗansa Fadi, tana gidan da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe, mijin yana can Abidjan wajen nema. Ƙanƙara kuma ba ta da kunya, sai rana ta faɗi take saukowa. Idan naƙuda ta zo hanya a toshe, da wane baki zai yi wa Fadi bayani?

Tun fitar farko ya gane fitilun taraktar sun tsufa, haskensu kamar na aci-bal-bal. Ya sauka shagon Sarkis mai kayan lantarki ya sayi biyu. Bayan 'yan kwanaki ya koma.

"Abu Fadi," in ji Sarkis, don da sunan ɗansa ake kiransa, "waɗanda na ba ka fa irinsu ake sawa a filin ƙwallo."

"Filin ƙwallon kaji ko? Ba ni wata, ka daina yi mini zaƙin baki."

Sarkis ya miƙo masa kwali.

Kayan zamani duk haka suke, a ganin Taniyos. Hatta jan fentin da ake shafa wa sandunan gefen hanya, don mai shara ya san inda kwari ya fara, na bana na bogi ne, tun ba a je ko'ina ba ya koɗe. Batir kuma kullum a mace. Ya canza waya, ya goge gilasan fitilun da tsumma, ya ɗaga su sama, ya sunkuyar da su ƙasa. Da maƙwabci ya yi masa tsiya cewa ya hana zakarun unguwa barci, ko dariya bai yi ba.

A gida ma ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya leƙa taga, ya dawo, ya sake leƙawa. Wadad, matarsa, takan kawo gahawa ta sa masa kofin a tafin hannu, ta tsaya tana kallonsa. Sau biyu tana cewa su je Beirut tare akwai wanda take so su gani, yana cewa sai Rima ta sauka lafiya.

Ran Alhamis, ana gama cin abincin yamma, Rima ta dafe bango ta ce, "Wayyo, Mama!" A waje ƙanƙara ta kai gwiwa.

Taniyos ya fice ko hula bai ɗauka ba. Ya tada tarakta, ya kunna fitilu duka, ya zunduma wa Sarkis ashar a zuci. Wani ɗan haske ja-ja ne kawai a gabansa, bayansa duhu. Ya kama hanya da ƙiyasi, yana bin ƙarar injin da yadda taya take taka ƙasa. Shekara da shekaru yana bin hanyar nan, ai ko a mafarki ya san ta. Ya wuce lanƙwasa ta farko. Ya nemi sandar ta biyu bai gani ba. Amma ƙafarsa ba ta bar totur ba, don kukan Rima yana cikin kunnensa.

Sai ya ji an ɗare gefen taraktar, wani hannu ya murɗe makulli. Inji ya mutu.

"Sauko, Abu Fadi," muryar Sarkis ce, yana haki. "Matarka Umm Fadi ta kira ni. Ni zan ƙarasa, motata tana dandali. Tayarka ta dama saura taki ɗaya ta bar ƙasa."

"Kai ka jawo!" Taniyos ya daka masa tsawa. "Ka sayar mini da fitilun banza, ka ga abin da suke bayarwa? Kyandir ya fi su!"

Sai ya ji muryar Wadad a gabansa, kusa ƙwarai, har numfashinta yana ji. Kuka take yi.

"Taniyos, fitilunka tun daga ƙauyen ƙetaren kwari ake hango su, dutsen nan fes yake kamar da rana. Tun ɗazu nake gabanka ina ja da baya ina ɗaga maka hannu biyu, ba ka gan ni ba."