Tasar Ruwan Cornelius

Japheth ya ɗaga ƙafa ya tsallaka katangar, wandonsa ya ce ɓarak daga baya. Ko waiwayawa bai yi ba. Ramuwa ce ta kawo shi, wando ya jira.

Ni da nake ba ku labarin nan, duk Bomo babu kazar da za ta yi ƙwai ban ji ba. Saboda haka kar wani ya yi mini musu.

Japheth tsohon mai gadi ne a makaranta a Samaru. Yana da zakara ɗaya, sunansa Janar. Ƙato ne, ja, wuyansa tsirara babu gashi kamar na ungulu. Yayansa ne ya ba shi kafin ya rasu. Shekarar murar tsuntsaye kaji suka yi ta zubewa a unguwa, Janar ko atishawa bai yi ba. Japheth da hannu yake ba shi dawa. Matarsa Jemimah takan ce da zakaran nan zai iya zama a benci, da an tafi da shi coci.

Sai maƙwabcinsa Cornelius ya dawo daga Sabon Gari a kan babur, ya bi ta kan Janar a ƙofar gida.

Cornelius ya zo ban haƙuri, hularsa a hannu. Japheth ya rufe masa ƙofa. Ya tuna mutumin nan ya taɓa cewa carar Janar tana hana shi barci. Shi ke nan, a wurinsa magana ta fito: da gangan ne.

Abin haushi, daga ranar har kajin Jemimah, na gidan gona, irin waɗanda ba sa kwanci, suka daina ƙwai. Kullum ya leƙa akurki, wayam.

"Takaba suke yi, Baban Miracle," in ji Jemimah. Tana faɗa tana kallon tukunya.

Ana cikin haka Cornelius ya kunna injin ƙyanƙyasarsa a rumfar bayan gida. Akwati ne na katako, da fitilar kananzir a gefe, da tagar gilashi, da tasar ruwa a ƙasan ƙwai. Kuma Cornelius bakinsa ba ya rufuwa. A wurin mai shayi yake ta bayani, Japheth yana can ƙarshen benci ya juya baya, amma kunnensa a miƙe.

"Zafi kowa ya sani," in ji Cornelius. "Amma ruwan tasar nan shi ne ransu. Balle yanzu da bazara. In ƙyanƙyasa ta matso ka bari ciki ya bushe, fatar cikin ƙwan sai ta manne wa ɗan tsako kamar leda. Zai huda, ba zai fito ba."

Ya ɗaga murya ya ƙara da cewa, "Wannan zubin na musamman ne. Akwai wanda zai sha mamaki."

Japheth ya ce a ransa, lallai kuwa akwai.

To kun ji abin da ya kai shi tsallaka katanga. Da safe Cornelius zai cika tasa, ya hau babur ya tafi shagonsa. Rana na ɗagawa, Jemimah ta fita kasuwa, sai Japheth ya dira. Ya zare tasar, ya sheƙa ruwan a gindin gwanda, ya bar ƙofar injin a ɗan buɗe, iskar bazara ta yi ta shiga. Da la'asar ya dawo, ya cika tasa, ya rufe ƙofa, ya share sawunsa da tsintsiya. Wayo dai ni ne ubansa a Bomo, amma ranar na sara wa Japheth.

Haka ya yi ta yi duk satin ƙarshe. Gwandar Cornelius har sabon ganye ta yi.

Ran da 'yan tsakin suka fara hudawa, Japheth ya sa ido a gilashi. Ƙananan bakuna sun fasa ɓawo, suna buɗewa suna rufewa. Yana jin kukansu siriri, tsiyau, tsiyau. Sai ya tuna Janar kwance a ƙasa, ƙafa ɗaya tana shure-shure. Ya zare tasar.

Washegari kukan ya ragu. Wanshekare babu ko ɗaya.

Ranar Lahadi Japheth ya sa farar rigarsa, ya rera waƙa a coci har mutanen gaba suna waiwaye. Ya dawo ya ci tuwo malmala biyu, ya ce a ƙaro miya. Ya zauna a ƙofar gida yana sakace.

Sai ga Cornelius da kwali a hannu, idonsa jajir. Jemimah ta fito, ta leƙa kwalin, ta dafe kai.

"Baba Japheth, ban san me ya faru ba," in ji Cornelius. "Safe da yamma ina duba ruwan nan, Allah ne shaidata. Ko ɗaya bai fito ba."

"Ayya," in ji Japheth, yana danne dariya. "Asara ba daɗi, ko? Yanzu ka ji yadda take."

Cornelius ya ajiye kwalin a ƙasa. Ya ɗauki ƙwai ɗaya ya ɓare a hankali. Ɗan tsako ne cikakke, ja, ya bushe a cikin fatarsa. Japheth ya sunkuya yana kallo, tsinken sakace ya faɗi daga bakinsa. Wuyan tsirara ne, babu gashi.

"Baban Miracle," in ji Jemimah, "kajina ba su daina ƙwai ba. Ni na riƙa kwashewa ina kai masa tun ranar, don ya mayar maka da irin zakaranka. 'Ya'yan Janar ne, na ƙarshe."