Bencin Ƙarshe

Mai walda ya gama benci na sha ɗaya, ya ja injinsa zuwa na ƙarshe. Aikin ba wuya: ƙarfe biyu a tsakiyar kowane benci na lambun shaƙatawa, yadda za a zauna amma ba damar kwanciya. Masu sababbin benayen da ke kewaye ne suka kai ƙara, wai masu barcin rana suna ɓata musu kallo.

A kan bencin, cikin inuwa, wani tsoho ne kwance, ƙirjinsa na hawa da sauka kamar zugazugi.

"Tashe shi mana," in ji ɗan kwangilar da ya ba shi aikin.

"Yallaɓai, a bar ko wannan ɗayan. Da rana ɗakunan unguwarmu tanda ne, ba taga, ba bishiya ko ta magani."

"Kai ne lauyansa? Masu walda goma na jiran aikin nan."

Mai walda ya tsaya riƙe da ƙarfe, gaba kura baya sayaki.

Tsohon ya miƙe da ƙyar. Ya shafa waldar bencin da ke kusa, ya girgiza kai.

"Haka na koya maka? Wannan ai yara ma sa ɓalle ta. Gyara hannunka, kada a ce ɗan da na haifa bai iya aiki ba. Ni ƙasa ma ta ishe ni."

Ɗan kwangila ya yi gyaran murya, ya nuna musu sabon allo: An hana taka ciyawa.