Ramin da Aka Haƙa a Kan Tudu

Duk unguwar ba wanda ya kai direban katafilar nan alfahari da aikinsa, kuma ba a ga laifinsa ba. Shi ya cike fadamar bayan gari, inda a da sai kwaɗi da kainuwa, aka gina kasuwa mai kyan gaske. In ya bi ta wajen, har rage tafiya yake yi don a gaishe shi.

Izinin ginin ya zo da sharaɗi: wanda ya cike fadama, dole ya haƙa wata a madadinta, don ruwan damina ya sami masauki. An ma ware wani kwari a gefen kasuwar saboda haka. Sai ɗan kwangila ya ƙyalla ido ya ga kwarin zai ɗauki ƙarin rumfuna.

"Hau tudun can ka ƙwaƙule mana rami," in ji shi. "Masu dubawa hoto kawai za su ɗauka."

Direban ya san ruwa ba ya hawa tudu. Ya kuma san gidansa ne na farko a gangaren kasuwar. Amma ya tada inji, ya haƙa ramin a kan tudu, ya cike kwarin aka kafa rumfuna.

"Baban yara," in ji matarsa, mai ɗinki, "ruwan da kuka kora, gidan wa zai sauka?"

"Ke dai ji da kekenki," ya ce yana dariya. "Kafin ya iso nan ya gaji."

Bai gaji ba. Da damina ta kankama, aka sheƙa ruwa da rana tsaka. Ramin tudu bai tara abin da zai jiƙa kofaton akuya ba, sauran ya gangaro unguwa. Matar na ƙoƙarin fito da autarsu, katanga ta faɗo mata a ƙafa. Yarinyar ta tsira, ƙafar kuwa sai da aka yanke.

Da jami'ai suka zo, ɗan kwangila ya ce ikon Allah ne. Direban ya miƙe a gaban jama'a.

"Ikon Allah ne, amma da hannuna aka toshe kwarin. Ku zo in nuna muku."

Ya rasa aikinsa a ranar. Aka rushe ƙarin rumfunan, aka haƙa kwarin yadda doka ta ce, kasuwa kuma tana nan tana ci. Masu zuwa dubiya suna tausaya wa matar, ita kuwa sai ta ɗaga kai.

"Ƙafa ta tafi," take cewa, "amma ban auri matsoraci ba."

Jama'a, gaskiyarsa abin yabo ce, sai dai ta makara da damina guda. A yi gini, a ci gaba, amma a bar wa ruwa wurinsa tun kafin ya zaɓa da kansa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.