Farar Takardar Ezekiel

Shekara uku da 'yanta mu daga bauta a jihar Jojiya ta Amurka, mazan cocinmu arba'in suka yi alkawarin zaɓen malamin makarantarmu ya shiga majalisar gunduma. Duk namijin da ya yi alkawari, sai in jefa ƙwayar masara ɗaya a aljihuna. Mace ba ta da ƙuri'a, sai ƙirga.

Da hantsi Ezekiel ya tare ni a bakin gonar auduga, yana murza hularsa.

"Mahala, maigona zai ba ni ɗaki biyu. Ki aure ni."

"Kai me za ka ba shi?"

Ya zaro farar takardar ƙuri'a ta ɗan takarar maigona. Tamu shuɗiya ce, kuma a gaban kowa ake jefawa.

"Na gaji," ya ce. "Shekarata talatin, ban taɓa rufe ƙofar kaina ba."

"Ni ma na gaji. Amma sau biyu aka saye ka, Ezekiel. Bai isa ba?"

Sai ya miƙo hannu. Na ɗora masa shuɗiya.

"To, uwar lissafi, ina za mu kwana?"

"Rumfar bayan coci. Katako goma sha biyu take nema."

Na jefa ƙwaya ta arba'in da ɗaya.