A Zana Ni Dabba

"Baba, ka zana ni alade," wata mai shagon shayi ta ce wa tsohon mai zane, ko takalmi ba ta cire ba.

Ita ce fa bara ta zuga shi ya zana maƙwabciyarta, abokiyar gasarta a sayar da shayi, a siffar kwaɗo sanye da doguwar rigar kimono. Ta so a yi wa matar dariya, aka kuwa yi. Aka sassaƙa zanen a katako, aka buga, ya zaga birnin Edo. Yanzu maza layi suke yi a shagon Kwaɗo, kowa da takardar zanen a hannu, matar tana kumbura musu kumatu. Nata shagon kuwa sai ƙudaje. Ta daure, ta yi ta kwalliya tana jira, har damina ta wuce.

Tsohon ya ƙare mata kallo, ya girgiza kai. "'Yar nan, ni ba ƙirƙira nake yi ba, dabbar da ke jikin mutum nake fito da ita. Ke kuwa kyau kawai gare ki. Wa zai sayi wannan?"

"Idonka ne ya tsufa. Sake dubawa!"

Sai dariyar maƙwabciyar ta tsallako titi. Da jin haka ta waiwaya, idanunta suka ƙanƙance, leɓenta ya ɗage.

"Yauwa! Tsaya haka, kada ki motsa," in ji tsohon, yana laluben burushi da sauri. "Ashe kyanwa ce da aka ɗauke wa kifi."