Kwaɗo a Bakin Tanti

Ajiye kwaɗon nan tukuna, ɗana. Ka ce da shi za ka kulle tantinka idan kun shiga daji. To, zauna ka ji.

Wata shekara da rani, masu tsintar ƙaro suka kafa zango a cikin dajin dakwara, itacen da ke fitar da ƙaron, tafiyar kwana biyu daga gari. Tanti ya kai talatin. Suna da al'ada biyu. Ba mai rufe bakin tanti da rana, don kowa ya zama idon ɗan'uwansa. Sannan kafin a fita aiki da safe, kowa yakan ɗauki reshe ya share rairayin da ke kewaye da tantinsa ya yi sumul, ko ƙadangare ya gitta sai an ga sawunsa. Mai abu mai daraja kuwa ya tura shi cikin buhun gero ko tsohon takalmi, ya yi kamar ya manta da shi.

A cikinsu akwai wani manomi. Matarsa ta rasu da damina, ta bar mundaye huɗu na azurfa, ta ce a ba 'yarsu ranar da za ta tare a ɗakinta. Ya ji tsoron barinsu a gida, sai ya taho da su ƙunshe a tsumma. Shi kaɗai ya sa aka ɗinka zobban ƙarfe a bakin tantinsa, ya rataya sabon kwaɗo mai ƙyalli, ya ɗaura mabuɗin a wuya. Babban zangon ya dubi kwaɗon, ya ce, "Malam, bangon naka fa tamfol ne. Ka kulle ƙofa ko ka buga ganga?" Manomin ya bar kwaɗonsa a rataye.

Hankalinsa kuma bai kwanta ba. Yana cikin tsintar ƙaro sai ya ajiye ƙwarya, ya dawo zango, ya ja kwaɗon, ya zaga bayan tanti ya taɓa, ya koma. Sau huɗu, sau biyar a yini. Rairayin kowa na nan sumul, nasa kuwa, da bai tsaya sharewa ba, ya cika da sawun ƙafarsa har ya zama turba.

Rana ta shida, da tsakar rana, lokacin da ko tsuntsu ba ya kuka, ya dawo ya iske wani tsoho zaune a gindin aduwa yana ɗinkin buhu da basilla. Doguwar riga mai launin toka, ƙafa ba takalmi. Manomin ya yi sallama. Tsohon bai ɗago kai ba, hannunsa bai daina ɗinki ba. Ya dai ce, "Kwaɗonka ya yi kyau. Tun daga bakin fadama nake hango shi." Manomin ya ɗauka baƙon wani ne a zangon. Da yamma da ya tambaya, wannan ya ce ya zaci baƙon wancan ne, wancan ya ce shi bai ga kowa ba. Aka je gindin aduwar. Babu buhu, babu guntun zare, babu ko shaidar inda mutum ya zauna. Aka duba rairayin kowane tanti, ba sawun baƙo ko ɗaya. Manomin ya ja kwaɗonsa ya ji shi gam. Ya buɗe ya shiga, ya laluba ƙarƙashin tabarma. Ƙunshin na nan da nauyinsa, ƙullin ma irin nasa ne, wanda yake yi da hannun hagu. Ya yi hamdala. Bai kwance ƙunshin ba.

Ya ƙara mako uku yana gadin ƙunshin nan. Ƙaron da ya tara bai kai rabin na kowa ba.

Ranar tashi, yana naɗe tanti, yatsansa ya ji wani tudu a bangon baya. Ya ɗaga tamfol ɗin ga hasken rana. Tsaga ce mai tsawon kamu ɗaya, an yanka ta da reza, an mayar an ɗinke, ɗinki ƙanana a jere kamar haƙoran kifi. Ya kwance ƙunshin a gaban mutane. Duwatsun rafi huɗu ne masu santsi, kowanne an naɗe shi a tsumma kamar yadda shi ya naɗe mundayen. Babu rafi a dajin nan.

Babban zangon ya durƙusa a bayan tantin, ya daɗe yana duban ƙasa. Iska ba ta gama cinye tsofaffin sawun ba. A cikin kowane sawun manomin, daga bakin daji har jikin tanti, akwai wani sawun ɗan ƙarami kwance a ciki, bai fita ko da faɗin farce ba. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa, ya ce, "A kan ƙafarka ya zo, Malam. A kanta ya koma."

Ko mutum ne, ko wanin mutum, ban sani ba, kada ka tambaye ni. Tanti talatin ne a buɗe, ba a taɓa ko cokali ba. Guda ɗaya mai kwaɗo aka shiga. Yarinyar ta tare hannu ba komai, uban kuwa har ya mutu mabuɗin na rataye a wuyansa.

Ka mayar wa mai shago da kwaɗonsa. Ka kafa tantinka kusa da mutane, ka share rairayinka, ka daina waiwaye. Hausawa sun ce, in ɓera da sata, daddawa ma da wari.