Shuɗin Mayafi

Tun bayan rigimar zane-zanen majami'u aka kafa dokar tabarau. Kowa da nasa, yana shafe masa duk hoton da addininsa bai yarda da shi ba. Wanda ya cire shi a gidan da ba na addininsa ba, kafin ya kai ƙofa 'yan sintiri sun iso.

Gwaggo Indo, musulma, ba ta taɓa ƙorafi ba. Ranar da ta je Wusasa yi wa Rifkatu barka, 'yar marigayi ƙanenta da ya rasu yana Kirista, ta ga tabo toka-toka a bango inda hoton Yesu yake, ta wuce abinta.

Tana shiga ɗaki ta tarar da wani tabon a bakin gado, yana numfashi.

"Sannu da zuwa, Gwaggo," in ji tabon. "Ga jikanki."

"Rifkatu, me kika yafa?"

"Shuɗin mayafi. Lafiya?"

Mace da shuɗin mayafi rungume da jariri. Ashe tabarau ya ɗauka zanen Maryamu da ɗanta Yesu ne.

"Canja mayafin, 'yar nan. Ba na ganinku."



"A ɗakina, Gwaggo? Sai na canja kaya kafin a iya kallona?"

Jaririn ya yi atishawa a cikin tokar. Indo ta kai hannu kunne, ta zare tabarau. Nan take tabarau ɗin ya fara ƙarar gargaɗi.

"Gwaggo, za su zo!"

"Su zo mana. Matso da shi haske. Wayyo Allah, hancin babanki ne sak."